Sarauta Uku a Cikin Ambulan

A shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula ina akawu a ofishin ruwa a Katsina, ina buga tafireta, kuma ban taɓa tsanar kujera kamar yadda na tsani tawa a daminar nan ba. Duk wanda muka yi makaranta tare ya kama hanyar Kaduna, don a lokacin can gwamnatin jiharmu take. Wannan ya zama sakataren ɗan takara, wancan an ce za a ba shi ofis mai fanka har da mai kawo shayi. Ni ma na samu tawa takardar, an ɗauke ni aiki a ofishin sabuwar majalisa, in fara da zarar an rantsar da gwamna. Ta yi wata guda a aljihuna ban nuna wa kowa a gida ba, har ta fara yagewa ta wurin ninki.

Rawani ne ya hana ni nuna ta. Gidanmu na Ƙofar Guga shi ne gidan sarautar masu haƙar rijiya. Ba wata babbar sarauta ba ce, ba mu da doki ba mu da algaita, amma tun daga kakan kakana duk wanda zai haƙa rijiya a cikin birni sai ya biyo ta zaurenmu. In rijiya ta rufta nan ake zuwa, in maƙwabta sun yi faɗa a kan wanda zai yashe ta nan ake zuwa. Mahaifina ke riƙe da ita, gwiwoyinsa kuwa sun gaji. Ya ce kafin rani ya shigo, lokacin da aikin haƙa ke tashi, zai je wurin hakimi ya yi murabus ya gabatar da magaji. Ni ne ɗan fari, kuma ban taɓa shiga rijiya ba. Tun ina shekara bakwai aka kai ni boko, ko leƙawa na yi sai jiri ya ɗebe ni.

Da yake ni ɗan fari ne, Baba ba ya kiran sunana, ba ya kuma yi mini doguwar magana, kunya ba ta bari. Duk saƙonsa ta bakin gwaggona yake zuwa, wato ƙanwarsa. Ita ce ta tare ni wata safiya ina ɗaure ƙafar wando zan hau keke, ta ce, "Ya ce a hwaɗa maka ka fara koyon zaman zaure." Na ce to. Daga ranar in na tashi aiki ba na iya wucewa gida. Sai in zagaya ta hasumiyar Gobarau, in fita ta wata ƙofa in shigo ta wata, in tsaya inda ake sauraron sakamakon zaɓe a rediyo, kafin a gama karantawa na sake hawa keke. Ban san abin da nake nema ba, zama ne dai ya gagare ni.

Shugabanmu a ofis Bature ne, injiniyan rijiyar burtsatse, duk gari Baturen Ruwa ake ce masa. Tun kafin a samu 'yancin kai ya zo, 'yan'uwansa Turawa suka tattara suka koma, shi ya ƙi tafiya. Dogo ne siriri, kullum cikin gajeren wando, wuyansa ja wur saboda rana. Hausarsa ta tsofaffin Katsinawa ce, har "lahiya lau" yake cewa. Abu ɗaya ke ɓata masa rai, a ce masa Baturen Ingila. Nan take zai ajiye abin da ke hannunsa ya ce shi mutumin Sikotilan ne, ƙasar tuddai da sanyi, kuma kakanninsa sun daɗe suna karawa da mutanen Ingila kafin su shirya. Matarsa ta rasu tuntuni, 'yarsa ɗaya tana aikin jinya a can ƙasarsu.

Shi da Baba sun san juna. Shekarun baya injinsa ya ci karo da dutse sau uku a bayan unguwarmu, ya sauke girman kai ya zo zaurenmu. Baba ya zagaya da shi, ya dubi itatuwa, ya dubi inda gara ta yi gini, ya ɗanɗana ƙasa, ya nuna masa wani wuri da sanda. Aka haƙa, ruwa ya fito. Tun daga nan in sun haɗu sai Bature ya cire hularsa ya ce "Sarki", duk da famfunansa ne ke cinye sana'ar gidanmu unguwa bayan unguwa.

Ana cikin azumi wata ambulan mai kauri ta zo masa, da jan hatimi a bayanta. Ya karanta a tsaye, ya zauna, ya sake tashi. Da rana ta yi ya kira ni ya ce in zo da tafireta ofishinsa, akwai wasiƙun da ba na gwamnati ba. A nan na ji labarin. Yayansa ya rasu bai bar ɗa namiji ba, shi kuwa tun daga lokacin da numfashin yayan ya tsaya ya zama mai sarauta, irin wadda suke ce wa Lod. Kuma ba ɗaya ba, uku ne a kai ɗaya.

Kwana huɗu muna wasiƙu, yana faɗa ina bugawa, in ya gaji sai ya koma Hausa ya ba ni tarihi. Ta farko, ƙaramar, wani sarkinsu ne ya ba kakansu na can nesa, don ya tsallakar da shi wani tafki cikin kwalekwale ana bin sa da yaƙi. Ta biyu ta shigo gidan ta hanyar aure. Ta ukun, babbar, ya ce gara kada in tambayi abin da aka yi aka same ta, abin kunya ne. Akwai lokacin da aka ƙwace duka ukun saboda wani kakansa ya bi 'yan tawaye, sai a zamanin jikan wancan aka mayar. Shi Bature shi ne na goma sha ɗaya a jerin masu riƙe sarautar. Ya nuna mini hoton mahaifinsa a ƙofar wani ƙaton gidan dutse, ɗaure da zane mai gida-gida iya gwiwa, da gashin baki kamar na dogari. Na danne dariya da ƙyar. Ya ce in yi abata, shi ma da aka fara ɗaura masa yana yaro kuka ya yi.

Shi ƙane ne, ba a taɓa shirya shi don komai ba. Yayan aka koya wa sunayen gonaki da na talakawan gidan, shi kuwa aka tura shi makarantar kwana, daga nan soja, daga nan aka bar shi ya nemi inda zai sa kansa. Ya zo nan ya samu abin da ya iya. Yanzu gonakin an sayar da mafi yawansu, rufin gidan yana yoyo ta ko'ina, 'yarsa kuma ba za ta gada ba tunda mace ce. Bayan shi sarautar za ta faɗa kan wani dangi na nesa da ke sayar da tayoyin mota a Kanada. Abin da ya fi ba ni haushi, ashe har kujera a majalisar ƙasarsu take zuwa da ita. Mu nan mun sha ruwan sama a layi muna jefa ƙuri'a da bakin azumi, shi kuwa an aiko masa da tasa kujerar ta gidan waya.

Rana ta huɗu ya ce akwai sauran takarda ɗaya. A dokarsu, in mutum ba ya so, yana da shekara guda ya rubuta ya ce ya yafe. In ya sa hannu, sarautar sai ta kwanta har ranar da ya mutu, shi kuma ya ci gaba da zama Baturen Ruwa. Layi shida ce kacal. Ina buga ta ina murna. Ashe ana iya ajiye sarauta da layi shida! Ya karɓa ya duba, ya sa a aljihun tebur, ya ce sai bayan Salla zai sa hannu. Yana fita na zura wata farar takarda na buga tawa da Hausa, layi shida ita ma, zuwa ga Baba, na haɗa ta da ta Kaduna a aljihu.

Sauran yadda zan yi Baba ya ji wannan magana daga bakin Bature da kansa. Ban sha wahala ba. Na bari labarin rasuwar ya kai kunnen gwaggo, washegari ta ce, "Ya ce mutum ba ya rasa ɗan'uwa a bar shi shi kaɗai. Ka kai shi ta'aziyya." Na ji kamar in yi tsalle.

Bayan Salla da kwana biyu, da hantsi, muka tafi GRA, unguwar Turawa, gidan Bature. Baba ya sa rawaninsa da rigarsa ta saƙi, ɗan baffana ya goya shi a babur, ni ina biye a keke. Ɗan baffan nan nawa na girme shi da shekara biyar, shi ne ke shiga rijiya a madadin Baba tun da gwiwa ta hana. Baba ya ƙi kujera, ya sa aka shimfiɗa buzunsa a baranda, Bature ma ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya zauna a ƙasa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, gajiya, ruwa, iyali na nesa.

"Mun ji abin da ya hwaru," in ji Baba. "Ya haƙuri? Allah shi ba ka dangana."

"Na gode, Sarki. Haƙuri sai ma'abucinsa."

"An ce kuma kaya sun hwaɗo kanka. To wa za shi naɗa ka?"

Bature ya ce babu mai naɗa shi, ba rawani, ba taro, takarda ce kawai. Baba ya dube shi, ya dubi ɗan baffana, kamar an ce masa an ɗaura aure ba waliyyi.

"Ba a zauna an duba cikin gidan wa ya dace ba?"

"Ba a dubawa. Wanda ke biye shi ke ɗauka, ko mahaukaci ne."

Nan na ga ƙofa ta buɗe, na tsoma baki, abin da ban taɓa yi a gaban Baba ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ka ce kuma ana iya ƙi." Bature ya harare ni kaɗan, amma ya yi bayani, shekara guda, layi shida, sa hannu. Na sunkuyar da kai ina jiran Baba ya yi salati, ya ce ɗan halak ba ya ajiye kayan ubansa, don in samu abin da za mu yi jayayya a kai ta bakin gwaggo.

Baba bai yi salati ba. Ya murza carbi, sannan ya ce, "Wannan sarautar taka, mutum nawa ka buga maka ƙohwa da sahe?"

"Babu, Sarki."

"Ko ɗaya? Ba mai kawo ƙara, ba mai cewa abu kaza ya lalace a zo a duba?"

"Babu. Suna ne ya rage, da gida mai yoyo."

"To ajiye ta," in ji Baba. "Mi za ka yi da ita? Nan ana buga maka ƙohwa. Zauna ka ba mutane ruwa."

Na rasa inda zan sa kaina. Na zo da makami, ga shi Baba ya karɓe shi daga hannuna ya ce mai kyau ne. Bature kuwa sai kallon bishiyar darbejiyar ƙofar gidansa yake yi. Aka shafa fatiha muka tashi. A hanya na taka keke kamar ana kora ta, na riga babur isa gida, na wuce ban tsaya ba.

Mako biyu ban miƙa wa Baba takardata ba. Kullum in ce yau, kullum in samu dalili. A ofis kuma Bature ya canza, ya daina fita daji duba injuna, sai zagaye teburinsa yake yi. Mu biyu muka zama kamar kaji a akurki ɗaya, in na tashi ya zauna, in ya tashi in zauna. Wata Litinin ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini takardar yafewar, ba sa hannu, ya ce in yaga.

Na ce, "Yallaɓai, ai Baba ma cewa ya yi ka ajiye."

Ya ce, "Mahaifinka ya tambaye ni mutum nawa ke buga ƙofa, na ce babu. Da kuka tafi na zauna na ƙirga. Akwai gida tara a bakin tafki, masu kiwon tumaki, a sauran ƙasar da ba a sayar ba. Sun daina bugawa ne don yayana ya shekara talatin bai buɗe ba. Na san sunayen iyayensu, Malam, tare muka yi kamun kifi. Ƙarya na yi wa Sarki a barandata."

Raina ya ɓaci sosai, har na manta da wanda nake magana. Na ce masa shekara ashirin da wani abu yana shan ruwan Katsina, yanzu don gida tara da tumaki zai tafi ya zauna a ƙarƙashin yoyo? Ya ce ƙwarai, kuma yana jin tsoro, don shi burtsatse ya iya, bai iya zama Lod ba. Ban yaga takardar a gabansa ba, na fita da ita na jefa a kwandon shara. Kafin ƙarshen wata ya rubuta ajiye aiki, ni na buga masa ita ma. Aka yi masa walima a ofis da lemo da biskit, ya yi jawabi da Hausa, motar ofis ta kai shi Kano ya hau jirgi. Wasiƙa ɗaya ya taɓa aiko mini, ya ce ruwan sama ya ishe shi, kuma yanzu ana buga masa ƙofa fiye da yadda yake so.

Ranar da ya tafi na ƙudura cewa ni ba zan zama shi ba. Na dawo gida da la'asar sakaliya, na sami gwaggo tana tsince shinkafa, na zaro takardata mai layi shida na ce ta kai wa Baba. Ko karɓa ba ta yi ba.

"Mayar da abinka aljihu. Sun tahi wurin hakimi tun jiya, shi da ƙanenka."

"Wane ƙanen?"

"Ɗan baffanka mana. Ya ce a hwaɗa maka ka tahi Kadunarka, Allah shi yi albarka. Ya daɗe da sanin takardar Kadunar nan, ai ni ka wanke maka riga." Ta ci gaba da tsintarta, sannan ta ƙara, "Ya ce tun ranar da kunka dawo daga gidan Bature shina zaune zaure shina duba wa ka tashi in an buga ƙohwa."

Abin da na yi wata uku ina nema ke nan, ga shi an ba ni a kyauta. Ya kamata in yi murna, na kuma gwada yi. Amma gaskiya ji na yi kamar an mare ni. Ni so nake in ƙi, in yi jayayya, a roƙe ni, in tafi ana cewa ya bar sarauta don aikin gwamnati. Ashe ba a ma kai ga tambayata ba. Na tsaya a tsakar gida da takarda a hannu, ba wanda zan ba.

Aka yi naɗi a makon da aka rantsar da gwamna. Ban da ƙorafi a kan taron, an ci an sha, masu haƙa sun zo daga ƙauyuka da dagi da igiyoyinsu. Da aka zo gaisuwar dangi na cire takalmi na durƙusa a gaban yaron da nake aike sayen goro, na ce Allah ya ja zamanin sarki. Ya kasa haɗa ido da ni. Baba yana gefe a kan tabarma da hula kawai, kansa ya yi ƙarami, ban taɓa ganinsa haka a cikin mutane ba.

Kwana uku bayan haka na haɗa jakata zan kama motar Kaduna ta safe. Na biyo ta zaure yin sallama. Sabon sarki yana zaune da rawaninsa, Baba da tsofaffin masu haƙa biyu suna gefe, ana karɓar 'yan barka. Na durƙusa ke nan wani mutum ya faɗo zauren ba sallama, yana haki, ya ce ragon layyar maƙwabcinsa ya faɗa tsohuwar rijiyar bayan masallaci, yana nan da rai yana kuka, bakin rijiyar kuma yana zubewa.

Kafin ya rufe baki kowa ya miƙe. Wannan ya sunkuci igiya, wancan ya ɗauki kwando. Baba da gwiwoyinsa ya dafa bango ya tashi yana tambaya ta wane gefe take zubewa. Ɗan baffana ya tuɓe babbar riga, ya sa hannu biyu ya ɗage rawanin gaba ɗaya don kada naɗin ya warware, ya waiga yana neman inda zai ajiye. Ƙasa ba ta dace ba, kowa kuma hannunsa da kaya. Sai idonsa ya faɗo kaina.

"Yaya, riƙe mani. Kai ɗai ne ba ka zuwa."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, sauri yake yi. Suka fice, na ji muryar Baba tana nisa a lungu yana cewa kada kowa ya taka bakin rijiyar. Na tsaya a zauren ni kaɗai, jakata a ƙasa, rawanin a hannuna da ɗumin kansa a ciki. Na duba ko'ina ban ga inda zan ajiye shi ba, kuma ba wanda zan bar wa. Ina nan tsaye da shi har motar safe ta tashi.